Ɗan rediyon sola mai memori da na saya wa Mama, da yadda ya raka mu azumin 2025

Tun ranar Lahadin Ista mata biyu ƴan zumuntarmu suka tare ni a bakin coci suna tambaya wai ɗan rediyon nan da Mama take ratayawa a wuya ina na samo shi, nawa ne, kuma yana da ƙarko ko irin kayan nan ne na saya yau gobe a jefar. Na ce su yi haƙuri in zauna in faɗi komai a tsanake, don amsar ba ta tsaye ba ce. Yanzu wata biyu ke nan saura kaɗan yana hannunmu, ya sha zafin Birnin Kebbi na Maris da Afrilu, ya sha rashin wuta, har ya taɓa mutuwa sau ɗaya, to ina ganin na isa in yi magana a kansa.

Na saye shi ranar Asabar 8 ga Maris 2025, kwana uku bayan Larabar Toka, ranar da muke fara azuminmu na kafin Ista, a wani shagon kayan wuta cikin babbar kasuwa. Girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, baƙi ne, da igiyar ratayawa, sola a bayansa, tocila a gefe, gurbin memori da na filas, yana kama FM, ana haɗa shi da waya ta Bluetooth, sannan abin da ya fi jan hankalina shi ne maɓallan lamba daga 0 zuwa 9 a gabansa. Mai shagon ya fara da 18,000 muka tsaya a 15,500. Memori mai gig 8 na saya daban 3,500, yaran da ke tura waƙa a bakin kasuwa suka karɓi 1,000 suka zuba min Sabon Alkawari na Hausa da murya da ƴan waƙoƙin sujada.

Mai shagon kam sai godiya. Ranar takwas ga azuminsu ne, rana ta take, leɓensa duk ya bushe amma bai gajarta min ba, ya buɗe kwalin a gabana, ya kunna, ya gwada tocilar, ya buɗe bayan ya nuna min batirin irin dogon nan ne da ake cirewa a sake wani. Sai ya ce "Madam, in gaya miki gaskiya wagga sola taimako ta kawai, kak ki dogara da ita, kuma kak ki bar shi cikin rana har ya yi zafi." Na ji maganar amma ban riƙe ta yadda ya kamata ba, zan zo wajen.

Bari in faɗi dalilin sayen, don in ba a san shi ba ba za a gane me nake aunawa ba. Mu mutanen ƙasar Zuru ne, ƙauyenmu yana ɓangaren Danko-Wasagu, kuma duk wanda ya san yankin ya san abin da ƴan bindiga suka yi wa ƙauyukan wajen. Da daminar 2021 su Mama da Baba suka baro gida da abin da hannu zai iya ɗauka, suka zauna a Zuru wajen ƙanena, shekara ɗaya bayan nan Baba ya kwanta ciwo ya rasu, ni kuma na ɗauko ta na dawo da ita wajena. Ga yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi, Littafi Mai Tsarki nata da ta yi shekaru tana karantawa yanzu sai dai ta ɗora shi a cinya ta shafa. Matar da ita ce ke ɗaga waƙa a zumuntar mata a gida, tun da ta zo nan ban ji ta rera ko baiti ɗaya ba. Tana zuwa Mas ranar Lahadi ta zauna ta tashi mu dawo, shi ke nan. Ni kuma ina fita aiki tun safe, yara suna makaranta, wa zai karanta mata? Abin da na je nema ke nan, mai karanta mata.

Ta wannan fannin ya biya kuɗinsa. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, sura 260, kuma kowace sura lambarta daban a memorin, to da maɓallan nan kai tsaye kake zuwa inda kake so. Matiyu sura 28 ne, Markus 16, saboda haka in kana son Luka 9 sai ka danna 53, in Markus 14 ne 42. Na rubuta lissafin a bayan kalanda na manna a bango saboda yara su riƙa danna mata. Sai dai ranar farko surorin a hargitse suka fito, ka danna 1 ka ji Romawa, sai da na koma wajen yaran suka sa wa kowane fayil lamba a gaba, 001, 002 har ƙarshe, sannan ya bi layi. Duk mai saye ya tsaya a kansu su yi wannan tun a wurin, ya gwada lamba uku ko huɗu kafin ya biya.

Muryar mai karatu tana fita tas ko an rage sauti, wannan ba ni da ƙorafi. Waƙa ce dai in akwai tulu a ciki lasifikar ba ta iya ɗaukar gindin sautin, sai ka ji tana kakkarwa kamar an sa tsakuwa a gwangwani. In wuta ta zo aka yi masa cajin awa uku yana yin kamar awa tara a ƙaramin sauti. Solar kuwa yadda mai shago ya faɗa ne, yini guda a rana da ƙyar ta ba ka awa ɗaya da rabi. An ce yana cajin waya, na gwada sau ɗaya ya shanye batirin kaf wayar kuma ba ta ƙaru da komai ba, kar ma a fara.

Abin da ya fi ba ni haushi, duk sanda aka kunna shi sai wata murya ta mace ta yi sanarwa da Turanci da dukkan ƙarfin lasifikar, ba ruwanta da inda ka bar sautin, kuma ba a iya kashe ta. Da rana ba komai, amma tsohuwar da barci ke ƙaurace mata ƙarfe biyun dare fa? Sai da Mama ta koyi danne shi da filo kafin ta kunna. Sannan in ka kashe a tsakiyar sura ba ya tuna inda ka tsaya, daga farko zai ɗauko. Maɓallan kuma duk santsinsu ɗaya, mai matsalar ido ba zai bambance su da yatsa ba, ni jan farce na ɗiga a kan guda uku ya bushe ya yi tudu, 2 da 6 da 1.

To 261 ɗin nan ita ce asalin labarin. A tsohuwar wayar ƙanena akwai wani ɗauka na minti goma sha ɗaya da ya yi a cocin ƙauyenmu daren Ista na 2021, na ƙarshe da suka yi a gida, ba wanda ya san na ƙarshe ne. Ba wani ɗauka mai kyau ba ne, iska tana busa wayar, yara suna surutu. Amma ana jin an buga wilin motar nan da ke rataye a bishiya wanda shi ne ƙararrawarmu, ana jin tulu da caki sun ɗauka, sai muryar Baba ta ɗaga Halleluya ta farko bayan kwana arba'in ba a furta ta ba, jama'a suka amsa, mata suka saki guɗa, kuma in ka kasa kunne sosai a cikin masu guɗar akwai Mama. Na sa aka ɗora shi a ƙarshen memorin bayan Wahayi 22, na ce wata rana na kunna mata. Ban gaya mata ba, jikarta ce ta gano ta danna mata ina wajen aiki.

Cikin makon farko na farka tsakar dare na ji Halleluya tana tashi ƙasa-ƙasa daga ɗakinta. Ni ƴar ƙungiyar mawaƙa ce, na san tun daga Larabar Toka ake ajiye Halleluya har daren Ista, a Mas ba a rera ta ko ranar Lahadi, kuma wannan ajiyewar tana da daraja a wajena, ita ce ke sa in an ɗaga ta a daren nan tsigar jiki ta tashi. Da safe na ce "Mama, azumi muke fa, ki bari sai Ista mana." Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sai ta ce "Na riga ki sanin azumi. Ba biki nake yi ba, guzuri nake ci." Ban sake cewa komai ba amma raina bai kwanta ba, kuma gaskiya ba dokar ce ta fi damuna ba, don dokar ta sujadar coci ce ba ta ɗakin tsohuwa ba. Tsorona shi ne na ga tana maimaita minti goma sha ɗayan nan sau biyar sau shida a dare, ta tashi ido a kumbure, abinci sai an yi da gaske. Na fara tunanin ko na sayo mata abin da zai riƙe ta a 2021 ta ƙi fitowa.

Ranar 16 ga Maris, Lahadi ta biyu a azumi, aka karanta sakewar kamannin Yesu a kan dutse, a shekarar daga Luka 9. Kowace shekara a wannan Lahadin ake karanta labarin, ko daga Matiyu 17 ko Markus 9 ko Luka, na ji shi ya fi a ƙirga, kuma a da nakan yi mamakin me ya kawo labarin haske da ɗaukaka a tsakiyar lokacin toka da tuba. Fada ya yi wa'azinsa mai kyau a kan addu'a, amma ni hankalina yana kan 261. Da muka dawo na danna 53 muka saurara tare ni da ita, sau biyu. Yesu ya ɗauki Bitrus da Yohanna da Yakubu suka hau dutse yin addu'a, dutsen da aka saba cewa Tabor ne a ƙasar Galili ko da yake bishara ba ta ambaci sunansa ba. Fuskarsa ta sake, tufafinsa suka yi fari fat suna walƙiya, ga Musa da Iliya suna magana da shi. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar, Luka ya faɗi abin da suke tattaunawa, wato tafiyarsa da zai cika a Urushalima. Ashe a tsakiyar hasken ma zancen gicciye ake yi. Bitrus ya ce a kafa bukkoki uku a zauna, Luka ya ce bai san abin da yake faɗa ba. Murya ta fito daga gajimare ta ce wannan ne Ɗana, ku saurare shi, suka duba sai Yesu kaɗai. Washegari suka sauko, abin da ya tare su a ƙasa wani uba ne yana kuka a kan ɗansa tilo da aljani ke kayarwa, almajirai kuma sun kasa.

Na ce a raina to ai ga tsorona nan an rubuta shi, bukka. Amma da na ƙara juya abin sai na ga ba a hana su hawa dutsen ba, shi da kansa ya kai su, kuma su ukun nan dai su ne ya ja kusa da shi a Getsamani, yana nan a Markus 14. Ya san daren da ke gabansu shi ya sa ya nuna musu fuskarsa tun da wuri. Ba wai abin ya hana su faɗuwa ba, sun yi barci, Bitrus ya yi musu har sau uku. Sai dai in ka danna 228, wasiƙar Bitrus ta biyu sura ta ɗaya, za ka ji dattijo yana cewa lokacin tafiyarsa ya kusa, kuma abin da ya kafa hujja da shi shi ne mu da kunnenmu muka ji muryar nan sa'ad da muke tare da shi a kan tsattsarkan dutse. Shekaru sun wuce yana cin guzurin rana ɗaya. Mama ba ta yi makarantar tauhidi ba amma kalmar da ta zaɓa ita ce daidai.

A nan ne na ji zafin wani rashi na memorin, babu Tsohon Alkawari, babu ko Zabura. Lokacin azumi ba Zabura 51? Ga labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 da ya faɗo min a rai, mutumin da ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, ba a jima ba ga shi kwance a jeji ƙarƙashin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ce tashi ka ci, tafiyar ta fi ƙarfinka, da ƙarfin abincin nan ya yi kwana arba'in har Horeb. Wannan sai da na ɗauko littafinta na karanta mata da tocilar rediyon. Duk wanda zai saya ya tambayi masu turawa tun farko ko suna da Zabura, gig 8 zai ɗauka har da saura.

Wani abu da na ɗauka aibi ne da farko, in 261 ta ƙare ba ya tsayawa, sai ya zagayo kan 1, ka ji an fara asalin Yesu Almasihu ɗan Dawuda ɗan Ibrahim. Mama da ba ta son laluben maɓalli a duhu wani lokaci sai ta bar shi ya ci gaba, daga Halleluyar Baba ta wuce haihuwa, ta wuce Yohanna Mai Baftisma, ta kai gwaji a jeji a sura ta 4, har wa'azi a kan dutse. Ba zan ce wannan ne ya sauko da ita ba, ban san abin da ya gudana tsakaninta da Ubangiji a dararen nan ba. Abin da na gani dai maimaitawar ta ragu zuwa sau ɗaya, kuma ranar Juma'ar mako na huɗu ina ɗaura ɗankwali zan tafi Hanyar Gicciye, sujadar da ake bin wahalar Yesu tasha-tasha, ta ce in jira ta. Rabonta da zuwa tun rasuwar Baba. Tasha goma sha huɗu, ga zafin la'asar, ga gwiwa, ba ta iya durƙusawa sai dai ta dafa benci ta sunkuya, amma ta kai ƙarshe, kuma a tasha ta huɗu inda Yesu ya gamu da mahaifiyarsa na ji tana bin waƙar a hankali. Shekarunta sun wuce sittin, dokar azumin abinci ba ta hau kanta ba, na gaya mata, ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta.

A 2025 azuminmu ya haɗu da na maƙwabta, su sun fara 1 ga Maris mu 5. Hajiyar da muke katanga ɗaya kullum da magariba sai ta aiko da kunu da ƙosai ta ce a ba Kaka, kuma ita ce ta ce min in ta tashi sahur takan jiyo ɗan sautin ta katanga ta san tsohuwa ma ido biyu take. Na ba ta haƙuri ta ce haba, kowa Ubangijinsa yake kira.

Yanzu maganar mutuwarsa. Ranar Litinin bayan Lahadin dabino, wato Lahadin da ke kafin Ista, an kwana uku ba wuta, na ɗora shi a kan katanga da safe don ya sha rana na tafi aiki, na manta. Da na dawo ba ya taɓuwa don zafi, murfin baya ya ɗago, batirin ya kumbura. Sakacina ne, an gargaɗe ni. Amma masu ƙera shi ma da nasu, sun manna solar a jikin akwatin da batirin yake ciki, to ta yaya za a sa ɗaya a rana a bar ɗaya a inuwa, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu? Da sun yi ta da ƴar waya mai tsawo da an huta. Yanzu batirin nake cirewa in kai wajen masu caji, ko in sa shi a ranar safe kawai in ɗauke kafin sha ɗaya. Ban samu komawa kasuwa ba sai Alhamis, mai shagon ya sa min sabon batir 2,000, bai rage ko sisi ba kuma bai ce ai na gaya miki ba, ya dai gwada ya ga komai na aiki ya ce a gaida Mama.

Kwana ukun nan na Mako Mai Tsarki da babu rediyo su na fi jin tsoro. Daren Talata na tashi shan ruwa na tsaya a ƙofarta, sai na ji tana yin waƙar da bakinta, ƙasa-ƙasa, tana ɗaga layin Baba sannan ta amsa na jama'a, har inda iska ke busa wayar takan ɗan dakata kamar yadda yake a ɗaukan. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado na yi kukana.

Daren Ista, 19 ga Afrilu, ta bar shi a gida da kanta. Aka hura wuta a waje, aka kunna kyandir, aka shiga, da aka zo Halleluya ba ta yi guɗa ba, ta dai rera tare da kowa hannunta a cikin nawa yana rawa. Na ɗauki minti shida a wayata, yanzu shi ne 262, ba sai na ƙara ɗiga mata jan farce ba tunda 2 da 6 ne. Har yau 261 ta fi dannawa, kuma akwai ranakun da take wuni shiru kamar da. A rediyon nan kuma muka ji rasuwar Paparoma Francis ranar Litinin 21 ga wata, sai da na fito da shi tsakar gida na ja eriyar har ƙarshe don a cikin ɗaki FM ɗin shuu kawai yake yi.

Ga masu tambaya ko su saya, in don tsoho ne ko mai matsalar ido ko wanda bai iya karatu ba, ku saya, amma ku nemi mai maɓallan lamba da batirin da ake cirewa, ku ƙara batir ɗaya na ajiya tun a shagon. In don sola kuke so ku bar kuɗinku. In kuma akwai wata murya ko wata sujada da kuke da ita a tsohuwar waya, ku kwafe ta wuri biyu ko uku kafin ku ba masu turawa, memori yana lalacewa ba sallama. Tamu yanzu tana wayata, tana filas, na kuma tura wa ƙanena ta WhatsApp. Ƙarshen wata zan koma in sayi na biyu saboda gwaggonmu da ke Zuru, ita ma tana cikin masu guɗa a daren Istan 2021 ɗin nan, kuma ba ta san an ɗauka ba.